Kwanan Wata a Bayan Katako

Mun ci shari'a ranar wata Talata. Lauya da kansa ya kawo hukuncin, shafi arba'in da ɗaya, ya hau bene uku zuwa gidan hayar da nake zaune, yana haki yana murmushi. Ya ajiye shi a kan tebur a gaban Baba kamar mai kwantar da jariri. Inna ta goge hannu a zanenta, ta taɓa bangon takardar da yatsa ɗaya, ta ce, "To, a ina aka rubuta ranar komawa?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da gwamnati ta karɓe gidanmu. Bene ne mai ɗaki shida. Bulo da siminti Baba ya bar wa magina, amma duk abin da yake na katako, daga ƙyaure zuwa matakala zuwa rufi, hannunsa ne, don kafinta ne, kuma irin kafintan nan da ba ya yarda da aikin kowa. Wata safiya aka zo da takarda, aka ce za a fitar da hanya ta wurin don amfanin jama'a. Aka ba mu mako biyu, muka kwashe. Daga baya hanyar ta sake shawara ta bi ta wata unguwa. Gidan ya tsaya cak, ba a rushe shi ba, ba a mayar mana ba. Gwamnati kuwa ba ta son ɓarna, sai ta zuba ofis a ciki. Baba ya rantse ba zai sake bi ta layin ba, shi da Inna suka dawo wurina.

Kotu ta farko ta ce ba ta da hurumi. Ta biyu tana da hurumi, lokaci ne ba ta da shi. Ta yi ta ɗage zama har alƙalin ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya ce a faro daga farko. A nan ne Lauya ya tuna cewa ƙasarmu da maƙwabtanta sun taɓa sa hannu a wata yarjejeniya, da biki da jawabai, inda kowace ta yi alkawarin ba za ta karɓe dukiyar mutum haka kawai ba, kuma akwai kotu a wata ƙasa mai sauraron wanda aka yi wa haka. Muka kai ƙara can.

Lauyoyin gwamnati suka ce babu shaidar gidan na Baba ne, tunda fayil ɗinsa ya ɓace a ofishin filaye. Sun faɗi wannan ba tare da ko ƙifta ido ba, kamar ofishin filayen na maƙwabta ne. Abin da ya cece mu wata ɗabi'a ce ta Baba. Duk katakon da zai kafa, sai ya juya bayansa ya rubuta kwanan wata da fensir, ya zana 'yar alamarsa, ƙusa biyu a gicciye. Haka maigidansa ya koya masa, don wanda zai zo gyara daga baya ya san shekarun katakon. Kotu ta aiko mutum, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin matakala da tocila. Matakala goma sha huɗu, kwanan wata goma sha huɗu. Alƙalai suka rubuta shafi biyu cur a kan wannan fensirin, suka ce karɓe gidan ya saɓa wa yarjejeniya, alhakin yana kan gwamnati, ta mayar wa mai shi.

"Inna, ba a rubuta rana ba," in ji Lauya. "An rubuta wata shida."

"Daga yau?"

"Daga ranar da aka miƙa wa gwamnati hukuncin."

"Ita gwamnatin ba a gabanta aka yi ba? Ko kunnenta ne ya toshe?"

"A gabanta aka yi. Amma ji daban, miƙawa daban."

Ya yi mana bayani. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, ba ta da mota, ba ta da kwaɗo. Hatimi take da shi. Kowace ƙasa ita ke ware ofishin da zai karɓi hukunci, ya aiwatar, sannan ya aika wa kotu rahoto cewa an yi. Ya ciro wata takarda ya karanta mana adireshin ofishin namu. Baba ya ce ya sake karantawa. Ya sake. Lambar gidanmu ce, layinmu ne.

"Bara waccan suka koma can," in ji Lauya, yana duban ƙasa. "An ce wurin yana da iska." Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa. "Baba, abu biyu nake roƙo. Kada ka sa hannu a komai. Kada ka karɓi takarda daga hannun kowa a gidan nan, ko jarida ce aka ce ka riƙe."

Washegari ni na raka Baba, tunda a gidanmu ni ne na yi jami'a, kuma an ɗauka duk wanda ya yi jami'a ya san doka. A bangon da Inna take shanya an kafa allo: Sashen Kula da Aiwatar da Hukunce-hukuncen Yarjejeniya. Maigadi ya tare mu.

"Wurin wa kuka zo?"

"Wurin mai gidan," in ji Baba.

"Darakta bai iso ba tukuna. Ku rubuta suna ku jira."

Baba ya maida hannuwansa baya ya harɗe su. Ni na rubuta.

A falonmu an jera benci biyu. A tsakiya akwai bokiti, a samansa silin ya yi ciki ya yi baƙi. Baba ya ɗaga kai ya duba silin ɗin. Da aka kira mu sama, ya tsaya a matakala ta tara. Ta tsage, wani ya ɗora mata guntun katakon akwati ya buga ƙusa huɗu, uku a karkace. Ya daɗe yana kallon ƙusoshin nan fiye da yadda ya kalli allon waje.

Ofishin Darakta ɗakin Inna ne, teburinsa a daidai inda gado yake. Mutum ne mai fara'a, wanda a irin wannan harka shi ne mafi wuyar sha'ani. Ya taso ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Baba, sannu da zuwa, sannu da haƙuri. Ai hukuncin nan sau biyu na karanta shi. Ya yi kyau ƙwarai. Rubutunsa ma abin koyi ne."

"To yaushe za ku tashi, ranka ya daɗe?"

Darakta ya ce shi da za a bi tasa, gobe ma. Sai dai kafin su tashi dole Ma'aikatar Ayyuka ta ba su wani wuri. Ma'aikatar Ayyuka ba za ta bayar ba sai ta sami wasiƙa daga sashen da ke kula da hukunci, wato su. Su kuma ba za su rubuta wasiƙa a kan maganar da ta shafe su ba, don hakan son kai ne, doka ta hana. Saboda haka za a kafa kwamitin da zai duba wanda ya dace ya rubuta.

"Kwamitin yaushe zai zauna?" na tambaya.

"Da zarar an sami ɗakin taro. Namu, kun gani a ƙasa, yoyo yake yi."

"Ba rufin ba ne," in ji Baba. "Indararon baya ne ya toshe, ruwa ke komowa ta ƙarƙashin kwano."

Darakta ya dube shi da sha'awa, ya ce, "Ikon Allah."

Daga ranar Baba ya riƙa zuwa kullum ya zauna a benci, wai don kada su manta da fuskarsa. Ya kamata in faɗi yadda yake kafin nan. Shekara goma sha ɗaya ya yi a barandata yana kallon rufin mutane. Ya kwance kujerun gidana ya sake ɗaura su har matata ta fara ɓoye ƙananan a ɗakin girki. Abinci sai an yi da gaske yake ci. Yanzu kuwa da sassafe ya yi wanka ya sa hula, kafin in gama shiri ya sauka.

Mako guda ya yi yana zama kawai. A rana ta takwas Sakatariyar Darakta ta yi tuntuɓe a matakala ta tara, fayiloli suka watse, ta gurɗe ƙafa. A rana ta tara Baba ya fita da jakar kayan aikinsa.

Ya gyara matakalar. Ya fasa indararo. Ya sauke silin ɗin falo ya sa sabo, don kwamiti ya sami wurin zama. A nan ya ga gara ta shiga katakon da ke riƙe da rufi ta gabas, ya bi ta. Ya ga wasiƙu a zube a kan taga ruwa na taɓa su, ya haɗa musu 'yar kanta mai gida-gida. Kowace yamma Inna tana jiransa da tambayoyi kamar wanda ya dawo daga duba mara lafiya.

"Tagata fa?"

"Sun sa mata labulen roba."

"Na roba! Lemona fa?"

"Yana nan. Sun ɗaura masa igiya suna shanya tsumma."

"Ka zuba masa ruwa?"

"Ke, ni aiki na je yi ko ban-ruwa?"

"Ka zuba ko ba ka zuba ba?"

"Na zuba."

Inna tana da akwati a ƙarƙashin gado, cike da labulayen gidan, wankakku, a ninke. Cikin makonnin nan ta fito da su ta sake wankewa.

Sau ɗaya na yi magana. Na ce, "Baba, Lauya ya san kana wannan aikin?"

"Me zai sani? Na sa hannu a wani abu?"

"A'a."

"Na karɓi takarda?"

"A'a."

"To gara ba ta san an ci shari'a ba. In na naɗe hannu wata shida, me za su mayar mini, hoton gida?"

Duk karatuna na bar maganar a nan. Gaskiya kuma ban nemi amsa da ƙarfi ba. Mutumin yana cinye abincinsa har ya nemi ƙari, yana zolayar matata, kujeruna sun huta.

A wata na huɗu Darakta ya ce bai kamata dattijo ya riƙa jiran Maigadi a rana ba. Ya tara ma'aikata a tsakar gida, ya miƙa wa Baba mukullin ƙofar baya, aka tafa, aka ɗauki hoto. "Don tarihi," in ji Darakta. Baba ya juya mukullin a hannu, ya auna shi da dokokin Lauya guda biyu, ya ga ƙarfe ne, ba takarda ba. Ya sa a aljihu.

Wata shida suka cika, suka wuce. Darakta ya ce magana ta yi nisa. A wata na bakwai Baba ya dawo yana dariya.

"Yau sun so su yi mini wayo. Yarinyar nan Sakatariya ta ce, Baba ga wasiƙarka ta zo. Na ce 'yata, ajiye abarki, ba yau aka haife ni ba."

Inna ta ce, "Ka yi daidai. Su ci kansu."

Sau uku Sakatariya ta miƙa masa ambulan ɗin cikin makonni, sau uku yana maida hannu baya. Daga ƙarshe ta sa ta a gidan sama na kantar da ya haɗa. Duk lokacin da ya ba mu labari mukan yi dariya. Ban taɓa tambayar hatimin wa ke jikinta ba.

A wata na tara Lauya ya rubuta wa kotu cewa gwamnati ta ƙi bin hukunci. Da amsa ta zo, ya sake hawa benen nan uku, wannan karon haki kawai yake yi. Ya ƙi zama sai da Inna ta matsa masa.

Gwamnati ta aika rahotonta a kan lokaci, kwana biyu kafin wata shida su cika. Rahoton ya ce an aiwatar da hukunci gaba ɗaya. An miƙa wa mai gida mukulli a bainar jama'a, ga hoto. Yana shiga yana fita yadda ya so. Yana gudanar da gyare-gyare a cikin gidansa bisa ra'ayin kansa, ga hotuna ashirin da uku. Lauya ya shimfiɗa su a kan tebur. Bayan katako ne, ɗaya bayan ɗaya: sabuwar matakala ta tara, katakon silin, katakon rufi, har bayan 'yar kantar wasiƙu. Kowanne da kwanan wata da fensir, kowanne da ƙusa biyu a gicciye. A ƙasa sun kawo shafuka biyun nan na hukunci inda alƙalai da kansu suka ce wannan alamar shaida ce ta mai gida a gidansa.

"Ma'aikatan da ke ciki fa?" na ce. "Ba a gan su ba?"

Lauya ya karanta: "Suna zaune ne da yardar mai gida, wanda bai taɓa neman su fita ba, hasali ma ya gyara musu ɗakin taro."

"Na tambayi yaushe za su tashi," in ji Baba.

"Tambaya ka yi, Baba. Ka ce su fita?"

"Yaya zan ce wa mutum fita yana tsakiyar aikinsa?"

Lauya ya ci gaba. Kotu ta karɓi rahoton, ta rubuto wa mai ƙara cewa in yana da ja, ya faɗa cikin kwana talatin, in ba haka ba za a rufe fayil. Aikin lauya a ka'idarsu ya ƙare ranar hukunci, don haka mai ƙara aka rubuta wa kai tsaye. Tunda kuma rahoto ya ce ya koma gidansa, gidansa aka aika wasiƙar. Kwana talatin ɗin sun wuce, an rufe fayil.

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, "Kai ka ce kada in karɓa."

"Ni na ce, Baba."

"Kwamitin fa?" na tambaya, don dai a ce wani abu.

"Ya zauna sau ɗaya. Shi ya amince da rahoton."

Inna, wadda tun ɗazu take tsaye a bakin ɗakin girki, ta ce, "To ni ban gane abin baƙin ciki ba. Sun ce gidanmu ne, kotu ta yarda gidanmu ne. Mu ɗauki kayanmu mu koma mana."

"Inna, a can kotun waje naku ne. A nan ƙasarmu, ginin gwamnati ne. Kuka kwana a ciki, laifi ne."

"Mu kuma a ina muke?"

"A nan."

Lauya ya ce ana iya shigar da sabuwar ƙara, a nuna rahoton yaudara ne. Layi yana da tsawo, wataƙila shekara huɗu, wataƙila biyar. Amma da sharaɗi: a mayar da mukulli tare da wasiƙa, Baba kada ya sake taka gidan, kada ya sake taɓa ko ƙusa, don a gani ƙarara cewa an raba shi da wurin.

"Ko rufin ya faɗo?" in ji Baba.

"In ya faɗo ma ya fi. Zai taimaka mana."

Shekarun Baba saba'in da takwas. Kowa a ɗakin ya yi lissafin a ransa, babu wanda ya yi shi da baki.

Na karɓi mukullin na jefa a aljihun teburina, na ce zan rubuta wasiƙar. Kwana huɗu ina rubuta ta. Baba ya koma baranda. Abinci ya riƙa dawowa yadda aka kai shi. A rana ta uku ne ya gaya wa Inna, ba ni ba, cewa kafin zuwan Lauya ya cire kwano biyu a saman ofishin Darakta don ya sauya katakon da gara ta ci, ya rufe wurin da leda ya danne da bulo, da niyyar ƙarasawa washegari.

A rana ta biyar da safe hadari ya taso daga gabas. Na fito zan tafi aiki na tarar da Baba a zaune a falo, da hula, da takalmi, jakar kayan aiki a kan cinyarsa. Bai dube ni ba. Inna ce ta yi magana.

"Ba shi mukullin."

"Inna, kin ji abin da Lauya ya ce."

"Na ji. Shekara nawa ya ce?"

Na dubi aljihun teburin da mukullin yake ciki.

"Ɗakina ne a ƙarƙashin ledar nan," in ji ta. "Ba shi abinsa."

Ni na kai shi. Maigadi ya taso da murna, "A'a, maigida! Kwana biyu! Darakta har ya ce a je a dubo ko lafiya." Darakta ya riga ya sa an janye teburinsa gefe an lulluɓe fayiloli. Ya yi wa Baba sannu da hannu biyu, ya ce shi dama ya san Baba ba zai bar su a ruwa ba.

Da muka wuce ta falo na hango ambulan ɗin a gidan sama na kanta, ta fara yin ƙura. Na bar ta a wurin.

Na riƙe tsani, Baba ya hau. Ya auna, ya yanke, ya gwada, katakon ya zauna daram. Sai ya sake ciro shi, ya juya bayansa, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Yau nawa ga wata?"

"Baba, bar shi haka. Kafa shi kawai."

Ya leƙo ya dube ni irin duban da ya yi wa karkatattun ƙusoshin nan.

"Wanda zai zo gyara bayana fa? Ta yaya zai sani?"

Iska ta fara kaɗa ledar. Na faɗa masa.